Kiwon Rago Na Yi Wa Macijin Hanan

Kuɗin motar da ta kai ni Abuja, rago ne. Ba ma ragon da ya isa sayarwa ba, ɗan tsaka-tsaki ne da na so in kai shi Babbar Sallah. Amma a shekarar gero ya yi mana rowa, rumbu ko rabi bai kai ba, ga matata Hauwa'u da tsohon ciki. Na ja shi Ɗanbatta ranar kasuwa, yana tirjewa ni ma zuciyata tana tirjewa, na sallama shi ga wani mahauci da ko kallon kirki bai yi masa ba. Abin da aka ba ni na raba biyu, na bar wa gida rabi, na ɗaure rabi a lalita. Sagiru, jawo buhun nan kusa, hannu na ɓarar gyaɗa kunne na ji. Tunda kai da Nazifi kun ƙudura bana sai kun tafi, gara ku ji nawa daga bakina kafin ku ji shi a teburin mai shayi an ƙara masa gishiri.

Kun san sunan da ake kirana da shi a garin nan, Tanimu Mai Rago. Ba gadonsa na yi ba, da hannuna na same shi. Kawo mini rago ana ƙirga haƙarƙarinsa, wata uku in mayar maka da shi yana tafiya yana nishi. Kuma ba wani asiri ba ne, ƙa'ida ɗaya gare ni: kada dabba ta duba gabanta ta ga wayam. Harawa ta ƙare a zuba dusa, dusa ta ƙare a zuba kowar wake. Da wannan ƙa'ida na yi suna, da ita kuma na tafi birni na tafka abin kunyar da zan ba ku labari.

Da farko a Mararaba na sauka, gefen Abuja, ɗaki ɗaya mu shida, ina tura kurar ruwa. Mai gidan wani ƙaton mutum ne da bai taɓa kiran sunana ba, kullum aboki. Na ce masa Tanimu, ya ce duk ɗaya ne. Rigimarmu ta farko ba a kan ruwa ko shara aka yi ta ba. Hannuna ne ya saba, duk inda na ga ɓawon dankali ko ƙanzon tukunya an zubar sai in kwashe, in shanya a kan kwanon ɗaki. Wata rana ya ɗaga kai ya ga rufin gidansa ya zama shanya.

"Aboki, mene ne wannan?"

"Abincin dabbobi ne, oga."

"Ina dabbobin?"

"Suna Kano."

Ya ce in sauke kafin ya dawo daga coci, ko ni da ƙanzon mu koma Kanon tare. Na sauke, amma har yau ina jin takaicin ƙanzon nan, mai kyau ne.

Wata biyu ina wannan wahala, sai wani mutumin Tofa da zai koma gida ya saka ni a gurbinsa na gadi. Unguwar irin wadda ake zagayewa da katanga ce, su ce mata istet. A can ba a cewa maigadi, sai dai sikiriti, duk da dai sandar ɗaya ce, ɗakin ma ɗaya ne, sauron ma bai san an canza suna ba. Matar gidan likita ce, 'yar cikin birnin Kano, ta daɗe a ƙasar waje ta dawo, mijin yana can bai gama aikinsa ba. Hajiya Dakta muke ce mata. Mace ce mai kirki, amma magana ɗaya take yi ta wuce, kullum a makare take.

'Yarta ɗaya tal, Hanan, shekararta tara. A can ƙasar waje aka haife ta, Hausarta duk a karye, in ta ce ina kwana sai ka ji kamar tambaya take inda aka ajiye kwanan. A makaranta yara suna kwaikwayon bakinta, saboda haka ba ta da ƙawa ko ɗaya. In direba ya sauke ta sai ta zauna a kan bencina da jakarta a baya. Ni nake koya mata gaisuwa, in ba ta aya da gyaɗa, ita kuma tana ba ni labarin da rabinsa ba na ganewa, ina ta gyaɗa kai. Ba a yi wata guda ba ta fara kirana Baba Tanimu. Ni kuwa na baro yara a gida, sai na ji yarinyar ta shiga raina.

Ranar wata Asabar da hantsi ina shara, ta fito da wani abu a naɗe a hannunta, ja da ruwan lemo, yana sheƙi. Na ce kai, 'ya'yan masu kuɗi, dubi abin hannu. Har na miƙa wuya in yaba, sai abin hannun ya ɗago kai ya zaro harshe.

Ku daina dariya. Ni dai ban san lokacin da na hau kan janareto ba, kuma janareton gidan nan ya kai ƙirjina. Daga can na rarumo sanda ina salati ina ce mata ta yar. Yarinya ta mayar da hannu baya ta fashe da kuka. Hajiya Dakta ta leƙo ta taga ta ce, "Tanimu, ajiye sandar nan ka sauko. Fet ɗinta ne."

Fet, wato dabbar da ake ajiyewa don sha'awa. Da na sauko Hajiya ta yi mini bayani a tsaitsaye. Yarinyar tana da asma, gashin kyanwa ko na kare yana tayar mata da ita, tsuntsu ma haka. Shi wannan ba gashi, ba ƙara, ba dafi. Macijin masara ake ce wa irinsa, daga ƙasar waje ake kawo su, wai don a can a rumbunan masara yake farautar ɓera. Na ce Hajiya, ana cinsa? Ta ce a'a. Ana sayar da ƙwansa? A'a. Yana gadi? Ta ce in yana gadi me za ta yi da ni. Na ce to me ake yi da shi? Ta ce sonsa ake yi, ta shige mota.

Sunan da Hanan ta sa masa na Turanci ne, bakina ya kasa. Da na tambaye ta ma'anarsa sai ta kawo mini a kofi, ashe gugguru ne. Shi ke nan muka koma kiransa Gugguru, har ita. A cikin wani akwatin gilas yake zaune, an shimfiɗa masa garin katako, ga kwanon ruwa, ga ɗan kogon itace da yake shiga ya ɓuya. Tsawonsa ya ɗan fi hannuna. In ka cire tsoro ka dube shi, halitta ce mai kyau, cikinsa baƙi da fari layi-layi kamar zangarniyar masara. Ni da na tashi ina kashe kububuwa a kunyar gyaɗa, sai ga ni ina gaida maciji da safe, daga nesa dai. Yarinyar kuwa in tana riƙe da shi sai bakinta ya buɗe, ta yi ta yi masa hira, abin da aka yi mata a makaranta duk shi take fara gaya wa, sannan ni.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne cinsa. Akwai wata 'yar ƙaramar firiza a bayan kicin, ba a sa komai a ciki sai ɓeraye. Farare tas, ƙanana, a daskare, a leda, saye ake yi. Mu nan muna sa musu tarko, can da kuɗi ake nemansu. Hanan za ta ɗauko ɗaya ta jiƙa a ruwan ɗumi ya saki, ta kama shi da dogon hantsaki ta miƙa, shi kuma ya cafke ya haɗiye. Na tambaye ta sau nawa a rana. Ta ce ba a rana ba, sau ɗaya a kwana goma.

Kwana goma. Na sami Hajiya na ce mata dabbar da aka tsare a akwati haƙƙinta yana wuyan wanda ya tsare ta, Allah zai tambaya. Ta yi dariya ta ce, "Tanimu, ba rago ba ne." Na ce to, amma a raina na ce rowar mutanen birni ce kawai aka sa wa rigar ilimi. Su da suke auna shinkafa da ɗan kofi.

Da hutun ƙarshen shekara ya zo, suka shirya tafiya wurin maigidan, mako uku. Kukun gidan za ta tafi garinsu Kirsimeti, ita da ma ko ɗakin da akwatin yake ba ta shiga. Hajiya ta so a kai shi wurin likitan dabbobi ya zauna, Hanan ta ce a'a, can bai san kowa ba, Baba Tanimu za ta bar wa. Na ji daɗi, ba zan ɓoye muku ba, har na gyara zaman hula. Aka kinkimo akwatin aka ajiye a ɗakina na bakin ƙofa, kusa da inda nake shimfiɗa buzun salla, aka jona 'yar firizar a gefe.

Yarinyar nan ba abin da ba ta yi ba. Ta san ba na karanta boko, sai ta ciro takardar kalanda ta zana ɗan ɓera a kan ranaku biyu, da kunnuwansa da jelarsa. Ranar da ka ga ɓera, ka ba shi ɗaya, ranar da babu, babu. Ta bar guda uku, na ukun ko da ɗaya zai lalace. A canza ruwa kullum, a danne murfi, kada a taɓa ba shi mai rai. A ƙasan takardar ta rubuta lambar likitan dabbobin. Ta sa na maimaita mata kamar mai biya hadda, sau biyu. Sannan ta kama hannuna ta ce, "Baba, ka yi alkawari." Na ce na yi. A zuciyata kuwa cewa nake, yarinya, tun uwarki tana goye nake kiwo.

Kwana biyu na farko na bi doka. Amma ku gane, ɗaki ɗaya muke. In na zauna zan ci abinci sai ya fito daga kogonsa ya bi jikin gilas yana zaro harshe. Ni kuwa ba a yi mini tarbiyyar in ci wani yana kallo ba. Loma ta riƙa tsaya mini a wuya. Na juya masa baya, na ji idonsa a ƙeyata. Rana ta uku na duba kalanda, ɓeran Hanan yana can gaba da kwana bakwai. Na ce ɗaya dai ba zai yi komai ba. Na jiƙa, na miƙa da hantsaki, kafin in ƙifta ido ya cafke.

Na ce ka gani ko? Yunwa ce. Da a ƙoshe yake ai da bai karɓa ba. Washegari na ba shi na biyu ya haɗiye, na tsallake kwana ɗaya na ba shi na uku. Jikinsa ya yi tudu-tudu, ni kuma sai murna. Har na kira maigadin gidan da ke kallonmu, wani Buzu mai suna Agali, na nuna masa ta taga. Na ce kafin su dawo sai yarinyar nan ta kasa gane shi, za su san an bar wa mai kiwo. Agali ya gyara rawaninsa ya ce shi dai raƙumi ya sani.

Kwana biyu bayan haka na dawo daga cefane na tarar ɗakina ba ya shiguwa don wari. Gugguru ya amayar da su, ya koma gefe ya yi laƙwas. Mai hankali a nan zai tsaya ya ce na yi kuskure. Ni sai na tsuguna na yi nazari irin na manyan masana, na gano cewa laifin ƙanƙara ne. Mushen da ya yi wata da watanni a firiza, wane ciki ne zai riƙe shi? Dabbar nan sabon nama take so, irin wanda Allah ya halitta ta da ci. Maganar kada a ba shi mai rai kuwa na ce tausayin ɓera ne irin na yara.

Agali yana da tarkon waya mai kama ɓera da rai. Na ara na ɗana a bayan bolar unguwa, da ɗan kan kifi. Abin da na kamo ba irin fararen nan na leda ba ne. Ƙato ne, baƙi-baƙi, kunnensa ɗaya a yage, yana kallona ido cikin ido, ɗan Abuja sosai. Ranar Juma'a da safe na buɗe murfi na juye shi a ciki. Gugguru ya dube shi, ya sulale ya shige kogo. Na ce kunya yake ji, ko kuma cikin bai gama daidaita ba. Ai ko rago ba tsaya masa ake yi a kai ba, zuba masa ake yi a tafi, in ya so ya ci. Na danne murfi, na lulluɓe akwatin da zanen gadona don ya sake, na bar wa Agali ƙofa, na tafi masallaci.

Da an sallame na dawo, da wataƙila da sauƙi. Amma na haɗu da 'yan wajenmu, muka zauna cin shinkafa da wake, aka shiga labarin gida, ni ne har da ba su lacca a kan kiwon maciji. Sai bayan la'asar na shigo. Na yaye zane.

Ɓeran yana zaune a bakin kwanon ruwa yana wanke fuska da hannu biyu. Gugguru yana kwance rabinsa a waje da kogo, bayansa a ɓantare wuri uku, jan nama a fili, na kusa da jela har ana ganin fari-fari. Abincin ne ya ci mai cin. Garin katakon duk jini, shi kuwa yana numfashi a hankali, ko motsi bai yi ba.

Na zauna daɓas a ƙasa. Ba macijin na fara gani ba, hannun yarinyar na gani a cikin nawa ranar alkawari. Na fitar da ɓeran, ba sai na faɗa muku yadda muka rabu ba. Sannan na nufi janareto zan ɗebo baƙin mai in shafa masa, yadda muke yi wa jaki in ya yi gyambo. Har na tsoma tsinke, sai Allah ya taimake ni na tsaya. Na ce Tanimu, dabararka ce ta kawo mu nan. Na ciro kalandar nan daga bango, na kai wa Agali ya danna mini lambar.

Ranar na fara taɓa maciji da hannuna ba don in kashe ba. Na ɗauka zan ji santsi ko sanyi mai tayar da tsigar jiki, sai na ji abu mara nauyi, a bushe, ya ɗan naɗe mini yatsa kamar jariri. Na sa shi a rigar filo na tari tasi. Direban ya ga ina rungume da abu yana motsi ya ce mene ne, na ce amana ce, ka dai yi sauri.

Likitan wani saurayi ne ɗan Zariya, ba zai wuce sa'an Nazifi da yawa ba. Ya san Gugguru, ya san Hanan. Ya shimfiɗa shi a tebur ya duba ciwon.

"Baba, wa ya ce a sa masa mai rai?"

"Ni na ce."

"Kafin nan me ya ci?"

Na faɗa masa. Ya cire tabarau ya goge.

"Me kake kiwo a gida?"

"Raguna."

"Na ga alama."

Ya yi mini bayani ba tare da ya ɗaga murya ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya ce cikin maciji a hankali yake aiki, ɓera ɗaya sai ya kwana biyar yana narkewa, kuma in ka miƙa masa zai karɓa ko ba ya buƙata, haka aka halicce shi. Zaro harshen da na ɗauka roƙo ne, shinshina ce kawai. In kuma ba shi da lafiya ko ba ya jin yunwa, ba ya faɗa, kwanciya yake yi ana cinsa. Ya wanke ciwon, ya yi masa allura, ya ba ni magani in riƙa shafawa safe da yamma. Na ce zai tashi? Ya ce na wajen jelar ya yi zurfi, sai yadda Allah ya yi.

Agali ya kawo shawarwari. In ce ya gudu. Ko in nemi irinsa in saka, na ce yarinyar da ta san kowane ɗigo a bayansa? Ko kuma in tattara in kama hanyar Kano kafin su dawo. Wannan ta ukun ta shige ni, har na ɗaure kayana a buhu. Sai na tuna in na tafi babu mai shafa maganin, Agali ko da kuɗi ba zai taɓa ba. Na kwance kaya.

Ana haka Hajiya ta bugo waya daga can. Ta tambayi gida, sannan ta ce ga Hanan. Na ji 'yar muryarta tana cewa, "Baba, ina wuni. Yaya Gugguru?" Ku kun san yadda muke. Mutum yana kan gadon asibiti a tambaye shi ya ce da sauƙi, kuma ba a tayar wa matafiyi hankali. Bakina ya riga ni, na ce lafiya lau. Ta ce ya ci ɓeransa? Na ce ya ci. Ta yi dariya ta ce ta sayo mini hula mai kunnuwa. Na ajiye wayar, ina kallon maciji a naɗe da magani.

Ranar da suka dawo mota ba ta gama tsayawa ba ta diro, ko cikin gida ba ta kalla ba, ta yo ɗakina da hular a hannu. Ta tsaya a gaban akwatin. Na jira kuka, ba ta yi ba. Na tsuguna na faɗa mata komai tun daga loma ta farko, ban rage ba, Hajiya tana tsaye a bakin ƙofa tana ji. Da na gama yarinyar ta dubi bango inda na mayar da kalandar, ta ce, "Ai na zana maka." Na ce kin zana. Ta ce, "Kuma ka ce lafiya lau."

Hajiya Dakta ta wanke ni tas. Ta ce wane irin taurin kai ne wannan, yarinya ta yi maka bayani, ni na yi maka, sai naka? Na ce Hajiya, gani na yi kamar yana jin yunwa. Ta ce gani ka yi, tambaya fa? Ga lamba an bar maka. Na jira ta ce in tattara, wallahi har so nake ta faɗa. Ba ta kore ni ba. Ta ce ita ma da laifinta da ta biye wa yarinya, ta sa direba ya mayar da akwatin ciki.

Hanan ta karɓi jinyar da kanta. Kwana goma sha biyu tana shafa magani, an koma wurin likita sau biyu, ya ƙi karɓar abinci. Wata safiya kuku ta fito ta ce mini ya mutu, Hajiya ta ce in haƙa rami a gindin gwaibar bayan gida. Na haƙa da zurfi, na gyara gefensa sosai, don abin da ya rage in iya yi mata ke nan. Ta kawo shi a kwalin takalmi ta saka da hannunta. Na mayar da ƙasa, ta juya ta shige.

Daga ranar bencina ya zama nawa ni kaɗai. In mota ta shigo tana gaishe ni, don uwarta ba ta yarda da rashin gaisuwa ba, amma idonta a kan jakarta. Kuku ta ce mini daga makaranta sai ɗaki, ta rufo ƙofa. Abokan hirarta biyu ne a garin nan, na kashe ɗaya, ɗayan kuma ni ne. Aya na saya sau biyu ta bushe a aljihuna. Wata uku na yi a haka, ina buɗe ƙofa ina rufewa.

Da hadari ya fara haɗuwa na ce wa Hajiya zan koma gona. Ta sallame ni da mutunci, ta ba ni buhun shinkafa da turmin atamfa na kai wa Hauwa'u, ta ce in rani ya yi in ina so in dawo. Na san ba zan dawo ba. Da safen da zan tafi ta fito da Hanan mu yi sallama. Na nemi gafarar Hajiya kamar yadda aka saba, ta ce ba komai, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Sannan na durƙusa daidai tsawon yarinyar na ce, Hanan, ki yafe mini.

Ita ba a nan ta tashi ba, ba wanda ya koya mata amsar da ake bayarwa. Ta tsaya tana tunani da gaske, kamar an ba ta lissafi. Can ta ce, "Ina gwadawa, Baba. Ban gama ba tukuna."

Hajiya ta daka mata tsawa, ta ce babba ya durƙusa miki, maza ki ce kin yafe. Na ce Hajiya don Allah ki bar ta. Shekarata hamsin da wani abu ana ce mini an yafe tun ban rufe baki ba, ni ma haka nake ce wa mutane, wani lokacin da abin a raina. Ranar ce aka ba ni amsar da na san ba ta baka ba ce. Na ce mata in ta gama ta sa a kira ni, lambata tana wurin mamanta. Ta gyaɗa kai.

Sauran kun gani da idonku. Na sauka a bakin titi da buhun shinkafa, kuka zo kuka ɗauka, na tarar Hauwa'u ta sauka lafiya, na sayi raguna biyu, gari ya ɗauka Tanimu ya samo. Kai Sagiru har cewa ka yi na yi ƙiba. Ban musa wa kowa ba.

Ba zan hana ku tafiya ba, ku je, akwai samu. Amma in aka ba ku ajiyar abin da ba ku sani ba, aka ce ku yi kaza, ku yi kazan, ko da wanda ya faɗa bai kai ƙugunku ba. Tattara ɓawon nan ka kai wa tumaki, Nazifi, ka biya ta shagon caji ka karɓo mini wayata. Rani huɗu ke nan, layin nan ko a tsakar gida ba ya kamawa sai na hau kan katanga, kowa ya ce in canza. Ba zan canza ba, shi ne lambar da ke wurinsu.